Bazday ɗin yara da ledar rabo a Legas: ina kuɗin ke zurarewa?

Tambaya: Wata uwa da ke zaune a Agege ta rubuto cewa 'yarta za ta cika shekara 6 nan da wata biyu. Yara 32 ne a ajinsu, da malamai biyu, kuma ya zama al'ada a makarantar duk wanda ranar haihuwarsa ta zagayo ya kai kek da ledar rabo ga kowane yaro. Ita kuma yarinyar ta ƙwallafa rai sai an tara mata ƙawaye a gida. Abin da ita da maigidanta suka iya warewa N100,000 ne, ga shi wata mai haɗa kayan rabo ta yanka mata N3,000 kowace leda. Tana so ta san yadda za ta fita kunyar 'yarta ba tare da ta ci bashi ba.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana ita, ya albarkaci rayuwarta. Girkin taro da haɗa kayan rabo su ne sana'ata a garin nan, don haka wasu abubuwan da zan faɗa miki ba za su yi wa abokan sana'ata daɗi ba. N100,000 ya isa. Abin da ba zai isa ba shi ne biki biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a gida, kowanne da cikarsa. Ɗauki farashin da aka yanka miki ki buga: N3,000 sau 32, N96,000 ke nan. Saura N4,000, ba ki sayi kek ba, ba ki ɗora tukunya ba, ko kuɗin Keken da zai kai kayan makaranta ba ki cire ba.

Kuɗin bikin yara iri biyu ne, kuma wadda ba ta raba su ba ita ce ke rasa inda kuɗinta suka shige. Akwai wanda ake biya sau ɗaya, ko yara biyar suka zo ko hamsin: kek, rigar mai bazday, 'yan balan-balan da za a rataya. Akwai kuma wanda ake ninkawa da yawan kai: leda, abin sha, abinci, nama. Yawancin iyaye a kan na farkon suke ƙarar da yawun bakinsu. Za ki ga mace ta yi rabin awa tana ja-in-ja da mai kek a kan N2,000, tana barin wurin ta tsaya gaban mai kayan wasa ta ce a ƙara usur ɗin N500 a kowace leda, ai ba shi da tsada. A ajin 'yarki wannan usur ɗin N16,000 ne. Duk abin da idonki ya faɗa kansa a kasuwa, kafin ki dubi kyansa, ninka kuɗinsa sau 32 tukuna, sannan ki tambayi kanki ko har yanzu kina so.

Kuma ba ke kaɗai abin ya dama ba. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar, a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Tarkacen wasan roba da ake cusawa a leda kusan duk daga waje ake shigo da su, galibi China, da dala ake sayo su, da dala suke tashi. Ledar da wata ta haɗa wa ɗanta a 2022 ba ma'auninki ba ce yau. Ki kuma tuna mafi ƙarancin albashin da Gwamna Sanwo-Olu ya sanar wa ma'aikatan jihar a Oktoban 2024 N85,000 ne. Abin da kuka ware ya fi albashin watan wani magidancin, kada wani ya sa ki ji kamar abin kunya kika riƙo.

Na san akwai masu cewa a bar bikin ɗungurungum. Malamai sun yi saɓani a kansa, wasu gidajen ma sadaka kawai suke fitarwa a ranar a yi wa yaro addu'a. Wannan tsakaninki da maigida ne da malamin da kuka yarda da shi. Ni ta fuskar aljihu kika tambaye ni.

Da ni ce ke, makaranta zan ba wa babban kaso, na gida ya zama ɗan ƙwarya-ƙwaryan zama. Aji a ƙirge yake, 32 ne yau, 32 ne gobe. Gida kuwa, a irin gidajen hayarmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da ake tarayya a tsakar gida ɗaya, kika gayyaci yara goma to ki shirya wa talatin, kuma ba ki da fuskar da za ki kori ɗan maƙwabciya daga bakin ƙofarki. Saboda haka leda a makaranta kaɗai za a raba ta. A gida babu leda, kowa ya ci ya sha a wurin ya tafi.

Kafin ki sayi ko tsinke, taka ki je makarantar ki ga malamar ajin baki da baki. Ki tambaye ta yara nawa ne ke zuwa a zahiri, don wani lokacin sunan yaro yana rajista alhali ya bar makarantar. Ki tambayi abin da aka hana shigowa da shi: wasu makarantun ba sa karɓar abincin da aka dafa a gida, wasu ba sa son lemon kwalba, wasu sun hana duk abin da ke da gyaɗa saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta. Sannan ki tambaye ta kai tsaye ko ledar nan dole ce. Sau da yawa za ki tarar babu wata doka a rubuce, iyaye ne suka ɗora wa kansu, wannan ta ga ta waccan ta ƙara abu ɗaya, mai bi mata ta ƙara biyu, don dai a ce wance ta yi. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi riba: akwai wani yaron a ajin da aka haifa a wata ɗaya da 'yarki? A aji mai yara 32 da wuya a rasa. In akwai, nemi lambar uwarsa. Ku haɗa rana ɗaya, leda ɗaya, kowane yaro da ɗan kek ɗinsa da zai yanka. Kin raba mafi nauyin kuɗin gida biyu, malamar ma za ta gode miki da ba a ci mata lokacin karatu sau biyu ba.

Yanzu ita kanta ledar. Abu uku sun ishe ta: na ci ɗaya, na sha ɗaya, na ajiyewa ɗaya. Ledar N3,000 da aka yi miki talla, in kika zazzage ta a kan tabarma, za ki ga abu bakwai ko takwas ne, kuma biyar daga ciki ba za su kwana ba. Agogon roba da ba ya tafiya, tabarau da ke karyewa a hanyar gida, usur da uwar yaron za ta ɓoye kafin Magariba. An sa su ne don leda ta yi ƙiba a hannu. Araha ba ta ado, kuma a nan ma ba arahar ba ce, don kin biya sau 32. Kuɗin waɗannan biyar ɗin ki tattara su ki sayi abu ɗaya da yaro ɗan shekara 6 zai yi mako yana amfani da shi: fakitin fensirin kala, ko ƙaramin littafin zane, ko kofin roba mai murfi, ko fensir biyu da abin fiƙewa da na gogewa a ɗaure da zare. Ki zaɓi abin da mace da namiji duk za su iya riƙewa. Kika ce mota ga maza, 'yartsana ga mata, kin sayi kaya kashi biyu, kowanne bai kai yawan da za a yi miki ragi ba, sannan kin ba malama aikin rabon faɗa.

Kada ki shiga kasuwa da jerin kaya a hannu, ki shiga da iyaka a ka. Ki ce leda ɗaya ba za ta wuce N1,200 ba, har da kuɗin ledar kanta. Farashi a Legas ba ya zama wuri ɗaya, abin da na gani wancan watan ba lallai ki tarar da shi haka ba, amma iyakar taki ce, ba ta motsi. In fensirin kala ya yi tsada ranar, sai ki koma kan kofi. Ki kuma yi lissafinki da dozin, don haka 'yan sari ke sayarwa. Yara 32 dozin uku ne, 36. Kada ki ce a ware miki 32 cif, mai shago zai mayar da ke farashin ɗai-ɗai ki biya fiye da na 36 ɗin. Huɗun da suka yi saura ba asara ba ne: ga ƙannen mai bazday, ga yaron da aka kawo ajin makon da ya wuce ba ki sani ba, ga ledar da za ta fashe a hanya.

Inda za ki saya ya danganta da yawan abin da za ki ɗauka. Biskit da minti da lemon kwali katan-katan, Oke-Arin da ke cikin Eko, wato tsibirin Legas, ita ce matattararsu. Kayan roba irin su kofi da faranti da ƙananan robobi, Ebute Ero na nan kusa da ita. Kayan wasa da na rubutu da jakunkunan kyauta kuma suna cikin lungunan Balogun da Idumota. Wadda ke ta wajen Alaba Rago ko Okokomaiko, kasuwar Trade Fair da ke kan titin Badagry ta fi mata kusa, sai dai can sun fi son mai ɗaukar katan. To amma ke daga Agege kike. Ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da na ɗan dako, da yinin da za ki kashe a cunkoso, da cinikin da za ki rasa in kina da sana'a. A kan leda 36 kacal, sau da yawa ragin da za ki samu a Eko motar ce ke cinye shi. Shagunan sari na cikin kasuwar Agege ko Oshodi sun ishe ki biskit da abin sha. Tafiya Eko tana biyan kanta ne in ku biyu ko uku kuka haɗa kuɗi ɗaya ta je ta sayo ku raba, ko kuma dama kina da wata sayayyar a can, kamar atamfa ko kayan Sallah. In za ki je, kada ki yi sammako ranar Alhamis, kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 saboda sharar mako. Lahadi kuma yawancin shagunan Eko a rufe suke. Ki guji tsakiyar Disamba in da hali, da kwanakin da ke gab da bikin ranar yara ta 27 ga Mayu, lokacin kowa na neman irin kayan, mai shago ba ya sauraron tayi.

Akwai inda ba na yarda a yi tsimi. Katan ɗin biskit ko lemon da kika ga farashinsa ya faɗi ƙasa warwas ba gaira ba dalili, juya shi ki karanta ranar da wa'adinsa zai ƙare, ki duba lambar NAFDAC. Wanda saura mako biyu ya lalace shi ake fara turawa ga mai neman araha. Alawa mai danƙo irin ta ƙasar waje wasunta da jelatin ake yi, wanda kan iya zama na alade, in ba ki ga tambarin halal ba ki bar ta. Ki tuna ledar nan gida za ta, kuma kusan kowane gida akwai ƙanin da ke rarrafe. Kayan wasa masu ƙananan ɓangarori ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba, balan-balan da ba a hura ba ko wanda ya fashe yana iya shaƙe yaro har ɗan ƙasa da shekara 8, 'yan zobba da sanduna masu walƙiya kuma akwai ƙaramin batir irin na agogo a cikinsu, wanda in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi. Bindigar roba mai harsashi kuwa ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Abin daɗin shi ne duk waɗannan suna cikin tarkacen da dama na ce ki cire.

Jakar da za a zuba kayan ma wuri ne da kuɗi ke zurarewa a ɓoye. Masu buga jaka da hoton yaro da sunansa, aikin da Shomolu ta yi suna a kai, suna da mafi ƙarancin adadin da za su buga, in naki bai kai ba kuɗin kowace ɗaya ya yi sama. In kina son sunanta ya fito, a buga miki ƙananan sitika da yawa a kan faffaɗar takarda ɗaya ko biyu, a yanka, ki manna a kan jakar takarda mara zane. Ni dai ba na ba da shawarar sa hoton yaro. Washegari fuskar 'yarki tana kwance a bola ko cikin kwata ana takawa, ga cikakken sunanta da shekarunta a hannun wanda ba ki sani ba. Ki kuma sani jihar Legas ta hana farar robar kumfa ta zuba abinci tun Janairun 2024, daga 1 ga Yulin 2025 kuma ta fara tilasta haramcin kofuna da cokulan roba na yarwa da tsinken shan lemo da siraran ledoji. In kin zaɓi kofin roba mai murfi ko ƙaramar robar abinci a matsayin abin ajiyewa, sai ki zuba biskit ɗin da mintin a ciki ki ɗaura zare, kin huta da sayen jaka gaba ɗaya.

Mu 'yan Arewa muna da abin da sauran iyayen ajin ba su da shi, amma sai mu riƙa jin kunyarsa. Gullisuwa, tuwon madara, kantun riɗi, iloka, alkaki, dubulan. Ɗan Bayarabe ko Ibo da ya gaji da biskit iri ɗaya a kowace leda, tuwon madara sabon abu ne a wurinsa, shi zai je gida yana ba da labari. Akwai mata a Agege da ke yin su a gida, ki ba da aiki mako ɗaya kafin ranar, ko ki yi da kanki in kin iya. Sharaɗin dai shi ne makaranta ta yarda da abin da aka yi a gida, a ƙulla shi da tsafta a leda mai kauri, a kuma cire mai gyaɗa. In ba su yarda ba, ki ajiye shi don zaman gida.

Kek ba ya bukatar dogon bayani. Abin da ke sa shi tsada ba fulawa da ƙwai ba ne, ado ne: fondan, wato kwaɓin sukari da ake lulluɓe kek da shi, hawa biyu, mutum-mutumin katun da mai kek za ta kwana tana murzawa. Yara kuma ɓare fondan ɗin suke yi su yar. Ki ce a yi miki ƙarami mai hawa ɗaya da ado na bota da sukari, a rubuta sunanta. Ga 'yan aji kuma kek ɗin gwangwani, kowa ɗaya, babu wuƙa babu faranti babu wanda zai ce nasa ya fi ƙanƙanta. Rabin kilo na fulawa ya ishi ƙananan talatin, in kina da abin gashi ki yi abinki. Ƙaramin mai sunan a ɗauki hoto da shi a aji, a dawo da shi gida a yanka da yamma. Kek ɗaya, wuri biyu. Ki sa a kai shi da sassafe, ado na bota ba ya jure zafin rana da cunkoson Legas.

Zaman gida kuma lokaci ne ke yanke miki kuɗinsa. Ki sa shi bayan sallar La'asar, daga ƙarfe 4 zuwa 6. Kowane yaro ya riga ya ci abincin rana a gidansu, ba wanda ke jiran ki ƙosar da shi. Da sauran hasken rana, ba ruwanki da janareto da mai. Ana kiran Magariba kuma kowace uwa za ta aiko a kira nata, ba sai kin sallami kowa ba. Bikin da aka fara ƙarfe 12 na rana shi ne ke cin abincin rana, ya ci na marece, manya su zauna hira har a ɗora na dare. Gugguru da fanke da zoɓo mai sanyi sun ishi awa biyu. Kilo ɗaya na masarar gugguru yana cika ƙananan leda wajen talatin, lita 8 zuwa 10 na zoɓo kuma ya zagaye yara talatin. Ki dafa shi daren ranar ko da safe ki sa ƙanƙara, zoɓo ba ya son zama a zafi, yana tsami. In ranki bai kwanta ba sai kin ɗora tukunya, derika ɗaya ta shinkafa, wato gwangwanin awo na kasuwannin Legas, tana ciyar da yara shida zuwa takwas masu irin shekarunta, derika huɗu zuwa biyar sun gama miki dafa-duka. Ki ɗora rabin dafaffen ƙwai a kan kowane faranti maimakon nama. In kuma naman kike so, mahautar Oko-Oba tana bayan gidanki, ki sa a yanka ƙanana.

Manya su ne ke karya bajat, ba yara ba. Ƙawa ɗaya da kika gayyata da baki za ta zo da yara uku da ƙanwar miji, dole ki fitar da lemon kwalba da kaza, dole ki zuba mata na tafiya da shi gida. Ƙawaye goma sun cinye N100,000 ɗin kafin mai bazday ta hura kyandir. Don haka kada ki kira shi biki, kada ki sa shi a sitatus ɗin WhatsApp kafin ranar. Ki ce wa maƙwabta yara za su ɗan yi wasa da yamma, a turo su. Mata biyu sun ishe ki taimako, su ki yi musu abinci mai kyau. Anko, kanofi, hayar kujeru, dije mai sa kiɗa, mai shigar katun, gidan tsalle-tsalle na iska, duk ki shafe su. Kika kafa kanofi a kan layi kin sanar da unguwa cewa akwai kuɗi, masu zuwa karɓar nasu kason kuma ba sa jiran gayyata. Tabarma biyu da ƙaramar sifika da wayar da ke hannunki sun yi aikin. Nemi budurwa ɗaya mai son yara a cikin dangi ta jagoranci wasa: tseren buhu, jan igiya, 'yar gala-gala, langa, kacici-kacici, zagayen kujeru. 'Yan mata kuma a zana musu ɗan lalle a bayan hannu, za ki ga layi. In watan damina ne, musamman Yuni da Yuli, ki tanadi falo ko baranda tun kafin hadari ya haɗo. Wadda tsakar gidanta ba ta da fili, wuraren shaƙatawa na gwamnati da ke Alausa, irin su Johnson Jakande Tinubu da Ndubuisi Kanu, ba su da nisa da Agege. Hukumar LASPARK ke kula da su, sai a fara tambayar ƙa'idarsu kan taro da shigo da abinci. Can kuwa yara biyar ko shida kawai za ki ɗauka, don kowane kai da kuɗin motarsa.

Ga yadda zan yanka kuɗin da a hannuna suke. N10,000 a cire tun farko a ba maigida ya riƙe, ba a taɓa su sai abin da ba a zata ba ya taso, kuma yana tasowa. Leda 36 a kan N1,200, N43,200. Kek, babba da ƙanana, kada ya wuce N18,000. Malamai biyu N5,000, ɗan abin sha da sabulu ko katin waya, ba ledar yara ba, kuma kada ki manta da su, su ne za su yi miki rabon. Zaman gida N20,000. Ragowar N3,800 na mota da dako. Waɗannan iyakoki ne na kafa miki, ba farashin kasuwa ba. In kin matsa sai dafa-duka, ki sauke leda zuwa N1,000, N7,200 sun fito ke nan ki ƙara a tukunya. Sabuwar riga ba ta cikin lissafin da gangan, kayan Sallarta suna nan. Abin da ba na so ki kusanta shi ne manhajojin ba da rance na waya. Bikin awa biyu bai kai a riƙa kiran mutanen da ke cikin wayarki ana ce musu kin ci bashi ba, ga kuɗin makarantar zango mai zuwa na tafe.

Game da jin kunyar da kike tsoro, yaro ɗan shekara 6 bai san farashi ba. Abin da ya sani shi ne an kira sunansa a gaban aji, an yi masa waƙa, shi ya miƙa wa kowa kyauta da hannunsa. Ki sa ta cikin aikin: ita za ta zaɓi launin zare, ita za ta manna sitika, ku zauna tare ku ƙulla. In ta ce wance ta raba jakar goyo, ki gaya mata gaskiya daidai hankalinta, cewa kowane gida da irin nasa, nata kuma ita ta haɗa da kanta. Ki kuma faɗa mata tun yanzu ba kowace shekara za a yi haka ba. Gidaje da yawa suna ware shekara ɗaya ko biyu, kamar 5 da 10, sauran kek ne a ɗaki da 'yan gida. In tana da ƙani mai shirin cika shekara ɗaya, wannan kam ki bar shi, bai san ana yi ba, kuma bara-bara kuka yi hidimar suna. Akwai walimar sauka a gaba, ita ta fi cancantar a tara mata. Ranar taron iyaye da malamai kuma ki daure ki kawo shawarar a haɗa duk 'yan wata ɗaya a yi musu rana ɗaya, ko a sa iyakar abin da za a zuba a leda. Za ki sha mamakin yawan iyayen da ke jiran wani ya fara furtawa. Don baɗi, adashin N8,500 a wata ya tara miki N102,000 a shekara.

Tunda wata biyu ne a gabanki, wannan makon ki gama da makaranta da neman abokiyar haɗin gwiwa. Abin da ba ya lalacewa, fensir ko kofi da jaka da sitika, ki saya yanzu ki ɓoye inda yara ba za su gani ba. Biskit da abin sha sai saura mako ɗaya. Mai kek ki ba ta rabin kuɗi saura kwana goma, ku rubuta girma da launi da ranar karɓa a saƙo, cikon sai kin ga kaya. Ku ƙulla ledojin saura kwana biyu, ki ƙirga sau biyu. Ranar kuma ki miƙa wa malama 32 a buhu ɗaya, huɗun a wata leda daban, ki roƙe ta a raba lokacin tashi, don in aka raba da safe kafin tara ta yi an cinye, an ɓatar, wasu sun fara kukan ba a ba su ba.